Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Daraktan Hukumar UNESCO Kan Renon Matasan Masu Binciken Kimiyya

Mai girma Babban Darakta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a matsayina na malamin jami'a da ya daɗe yana duba ayyukan ɗaliban kimiyya, domin in ja hankalinka ga halin da matashin mai bincike ke shiga idan ya kammala digirin digirgir ya koma ƙasarsa.

A shekarar 1951 Abdus Salam, masanin kimiyyar fiziks ɗan Pakistan, ya koma Lahore daga Ingila da niyyar koyarwa da ci gaba da bincike, amma a 1954 ya tattara ya koma Ingila, domin bai sami abokin tattaunawa a fanninsa ba. Wannan kaɗaici ne ya sa ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta ƙasa da ƙasa, wato ICTP, a birnin Trieste na Italiya a 1964, sannan ƙungiyar bunƙasa kimiyya a ƙasashe masu tasowa, wato TWAS, a 1983, kuma dukansu biyu suna ƙarƙashin inuwar hukumarka a yau. Dabararsa ita ce masani ya riƙe aikinsa a gida, ya riƙa zuwa Trieste lokaci zuwa lokaci yana gogayya da manya, ya koma da abin da ya samu.

Yanzu mujallun kimiyya suna isa jami'o'in ƙasashe masu tasowa ta intanet, musamman tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe shirin Hinari na samar da mujallun lafiya kyauta ko da rahusa a 2002. Sai dai mujalla ba ta gaya wa matashi dalilin da ya sa aka ƙi karɓar maƙalarsa, ko yadda zai tsara takardar neman tallafin bincike. Wannan ilimi daga bakin wanda ya riga shi a fagen ake samunsa. Rahoton kimiyya na hukumarka na 2021 ya nuna cewa a 2018 masu bincike 124 ne kacal a cikin kowane mutum miliyan ɗaya a Afirka kudu da Sahara, alhali matsakaicin duniya ya kai 1,368. Inda masana suka yi ƙaranci haka, sau da yawa matashi shi kaɗai ne a fanninsa a jami'ar baki ɗaya.

Na ga wata haziƙar ɗaliba da ta dawo da digirinta, aka ɗora mata koyar da ɗaruruwan ɗalibai, malamin da ke yi mata jagora daga waje kuma ya daina amsa saƙonninta da zarar kuɗin aikinsu ya ƙare. Ban zarge shi ba, domin jami'arsa maƙaloli take ƙirgawa wajen ƙarin girma, ba ta ƙirga sa'o'in da ya ɓata yana gyara rubutun wata.

Saboda haka nake roƙonka, ranka ya daɗe, ka yi amfani da muryar hukumarka wajen shawo kan jami'o'i da masu ba da tallafi su ɗauki renon matasa a matsayin aiki da ake sakawa a ma'aunin ƙarin girma, kuma a ware masa kuɗi na shekaru, musamman shekarun farko bayan komawa gida. Ba dole ne jagoran ya fito daga Turai ko Amurka ba, domin masanin Indiya ko Burazil da ya saba aiki da ƙarancin kayan gwaji yakan fi fahimtar matsalar. Haka kuma a sa sharaɗi tun farko cewa duk matashin da ya tattara samfura ko bayanai, kuma ya sa hannu a nazarinsu, sunansa zai fito cikin marubutan maƙalar, domin mun sha ganin an kwashi aiki an bar mai shi da layin godiya a ƙarshen shafi.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani malamin jami'a.