Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Daga Al'ummomin Bakin Iyaka

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu talakawanka mazauna garuruwan bakin iyaka, manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, muna kawo kukanmu ta hannun hakimanmu. Hukumomin da ke riƙe da tattalin arzikin ƙasa a Abuja suke yanke shawara, amma a kanmu take fara sauka, ba a kuma taɓa jin ta bakinmu.

A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki don hana fasa-ƙwauri. Ba mu ja da niyyar ba, duk da cewa mu da maƙwabtanmu na Nijar dangi ɗaya ne, kasuwanninmu tare suke ci tun kafin zuwan Turawa. A Nuwambar shekarar Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke tsakanin kilomita 20 da iyaka. Ɗan sumoga aka nufa, amma wanda dokar ta kama mai noman rani ne da injin ban-ruwansa, da asibitin da ya dogara da janareta, da mai neman motar kai maras lafiya cikin dare. Farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Ranka ya daɗe, a garin da ba shi da reshen banki, sabis ma sai an hau tudu, ta ina za a tura? Ba mu gama farfaɗowa ba juyin mulkin Nijar ya sa aka sake rufe iyaka har Maris 2024.

Abin da ya fi tayar mana da hankali 'ya'yanmu ne. Duk sanda sana'ar halal ta tsaya, wasu su bi barauniyar hanya, wasu su sare sauran itatuwanmu su yi gawayi, ga hamada tana matsowa.

Tun 2003 akwai dokar da ta kafa Hukumar Raya Al'ummomin Kan Iyaka. Muna roƙon Mai Martaba ya nema mana zama da ita, a riƙa tuntuɓar wakilanmu kafin a zartar da duk wani tsari da ya shafi iyaka. A roƙar mana Babban Banki ya matsa wa bankuna su buɗe rassa a garuruwanmu, Bankin Manoma kuma ya kawo rance inda manoman suke. Gidajen mai masu rajista a sa musu ido, a bar su su yi aiki. Masu unguwanninmu a shirye suke su taimaka wajen sa idon.

Allah ya taimaki Sarki.

Naka masu biyayya,
Dattawa, matasa da mata na al'ummomin bakin iyaka