Hajiya ki taimaka min, gardamar wasan ƙanƙara na neman taɓa min aure

Assalamu alaikum Hajiya, barka da shan ruwa, ya ibada ya haƙuri da jama'a. Allah ya saka da alheri kan shirin nan naki, duk daren Lahadi ina kan keken ɗinki ina jinki, ban taɓa zaton wata rana tawa wasiƙar za ta zo gabanki ba. Dan Allah kar ki faɗi sunana, kice wata ƴarki ce daga Kumasi kawai, kin san Zango, in kayi atishawa a Aboabo sai an amsa maka a Asawase.

Nasan in kika ji abin da ya haɗa mu dariya za ki yi, Mma ma dariya ta fara yi kafin ta koma faɗa. Wasan ƙanƙara ne. Mu da ƙanƙarar firij ma sai dumso, wato yawan ɗauke wutar nan tamu, ya ga dama muke samu.

Bari in faro miki daga tushe. Shekarata 26, tela ce ni. Yayana yana aiki a wani kamfani a Brescia can Italiya, shi ya fara turo min bidiyon wasannin nan a 2018 lokacin gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu, yace min duba ɗan garinku. Akwasi Frimpong kenan, ɗan Kumasi, kakarsa ta raine shi a nan kafin a kai shi Holan yana ɗan shekara takwas. Wasan da yake yi sunansa sikeletin, mutum ya rugo da gudu ya faɗa rub da ciki kan wani ɗan allo mai ƙafafun ƙarfe, kai a gaba, haɓarsa kamar za ta goge ƙanƙara, ya bi wata hanya mai lanƙwasa kamar kwata da gudun da ya wuce kilomita 120 a awa, ba burki ba sitiyari sai hular kwano. Bawan Allah nan har injin zuƙe ƙura ya dinga sayarwa gida gida dan ya tara kuɗin horo. Shi ya zo na ƙarshe a gasar amma wallahi ranar sai da nayi hawaye. Kafin shi akwai Kwame Nkrumah-Acheampong da ya je Vancouver a 2010, shi ne na farko da ya ɗaga tutar Gana a irin gasar. Tun daga nan abin ya shiga raina, in wasu na ƙona datarsu kan fim ni kan mutanen da ke zamiya a dusar ƙanƙara nake ƙonawa, kuma ban ga laifin da nayi wa kowa ba.

Wanda zan aura kuma kayan mota yake sayarwa a Magazin, Suame. Shekara biyu muna tare, an kawo goro, an sa ɗaurin aure bayan babbar Sallah. Gaskiya ba zan ci amanarsa ba, mutum ne mai sallah, hannunsa a sake, lokacin da Baba ya rasu shi ya tsaya mana kamar ɗan gida. Ɗan ƙungiyar ƙwallon Kotoko ne na mutuwa, ranar da suka sha kashi ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

To gasar Olamfik ta hunturu ta 2026 da aka yi a Italiya ƙarshenta ya faɗo cikin farkon azumi. Ranar Lahadin da aka rufe aka yi tseren mata na kilomita 50, wanda ake bin daji da tudu da gangare a kan dogayen katakai da sanduna biyu a hannu, kuma karon farko kenan da aka bar mata suka yi 50 a Olamfik, da 30 ake tsayar da su, maza ne kawai ke yin 50. Hajiya ki auna, kamar daga nan zuwa Konongo fa, cikin sanyin da ke daskarar da majina, sama da awa biyu ba zama. Ban samu kallo da rana ba saboda ɗinkin Sallah ya fara taruwa, na bari sai bayan asham. Shi kuma ya zo gaida Mma da abokansa biyu, suna zaune a benci ƙofar gida, na kawo musu ataya da sauran masa, wayata a hannu bidiyon na tafiya.

Sai ya leƙo yace wai har yanzu wasan turawan nan kike kallo, kuma ma na mata? Yace in za a kalla a kalli na maza, na mata ai kamar koko ba siga ne. Abokan suka yi dariya, nima nayi, na ɗauka tsokana ce irin tasa. Sai ɗaya abokin ya tuno ƴan matan Najeriya da suka je Koriya da bobsiled, wannan mai kama da ƙaramin kwale-kwale da ake turawa a faɗa ciki, yace an cika duniya da surutunsu ƙarshe a ƙasan tebur suka ƙare. Nan ne raina ya fara tashi. Nace to ai Akwasi ma na ƙarshe ya zo kuma mu duka nan mun yi alfahari da shi, me ya sa nasa na ƙarshen jarumta ne nasu kuma abin dariya? Su Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga su ne farkon waɗanda suka kai bobsiled Olamfik daga duk Afirka, kafin wani namiji ya kai, ga kuma Simidele Adeagbo da ta yi sikeletin ɗin da Akwasi ya yi, a hanya ɗaya, daga layin tashi ɗaya.

Yace duk surutu ne, magana ɗaya ce, in mata sun kai maza me ya hana a haɗa su tsere guda? Wallahi Hajiya a nan yana da gaskiyarsa kuma na faɗa masa. Maza sun fi ƙarfin turi, sun fi nauyi, agogo kuma ba ya ƙarya. A Koriya ɗin ma wanda ya ci na maza ya fi wadda ta ci na mata sauri, tazarar sakan ɗaya da wani abu a zagaye, kuma a wasan nan sakan ɗaya tafiya ce mai nisa. Hokin ƙanƙara ma na maza ya fi zafi dan su an yarda su bangaji juna da jiki, a na mata a Olamfik an taƙaita hakan, ni kaina na maza nake fi kallo a hoki. Ban musa ba. Amma nace masa Azumah Nelson fa? An taɓa haɗa shi da Mike Tyson? Ba a haɗa ba dan nauyinsu ba ɗaya ba, kuma duk Gana ba wanda zai buɗe baki yace Azumah ba zakara bane. Kowa da ajinsa, abin kallo shi ne yadda mutum ya gagari tsaransa.

Daga nan ne bakina ya ƙwace. Na fara jero masa. Nace tun 1924 maza ke tsallen ƙanƙara a Olamfik, mata sai 2014 a Sochi aka buɗe musu ƙofa, shekara casa'in kenan, hoki sai 1998, bobsiled sai 2002, kuma a wannan na farkon ne Vonetta Flowers ta Amurka ta zama baƙar fata ta farko da ta ci zinare a gasar hunturu, mace ce, ba namiji ba. Ka hana mutum shiga kasuwa shekara casa'in sannan ka zo kana tambayarsa ina cinikinsa? Nace Mikaela Shiffrin a 2023 ta wuce Ingemar Stenmark na Suwidin mai nasara 86 a gasar kofin duniya ta gangaren dutse, yanzu ta haura 100, ba namijin da ya kai. Marit Bjørgen ta Norwe lambobin yabo 15 ta tara a Olamfik. Lindsey Vonn ma a 2012 da kanta ta roƙa a bar ta ta kara da maza, hukumar wasan ce ta ƙi. Suna ta kallona kamar mai karanta labaran ƙarfe bakwai, ni kuma daɗin bakina ya ɗebe ni, na ga ya yi shiru sai na ƙara wuta, nace mu dawo gida ma, Black Queens, ƴan ƙwallonmu mata, sun je kofin duniya a 1999, Black Stars na maza sai 2006, kuma a 2025 Queens suka dawo da tagullar kofin Afirka na mata daga Maroko yayin da Stars ko gurbin zuwa kofin Afirka ba su samu ba.

Da na tsaya nan da sauƙi. Ya ce min to ki je ki auri ƙanƙara mana, mace ko ta ci zinare ɗari a murhu za ta ƙare. Ni kuma shaiɗan ya hau kaina duk da ana cewa an ɗaure su a watan nan, nace kai da benen kasuwar Kejetia ma sai ka huta sau biyu kafin ka kai sama, kai ne za ka raina wadda ta yi kilomita 50? Abokan suka fashe da dariya har ɗaya ya zubar da atayarsa. Kin san yana da ɗan tumbi kuma abin na damunsa, ni ce ma nake lallashinsa a kai da. Ya miƙe ya sa takalmi, bai ko shiga ya sallami Mma ba.

Wannan laifina ne, na sani, ba sai an faɗa min ba. Na kunyata shi gaban abokansa a ƙofar gidanmu cikin azumi, kuma na ji labari har Magazin maganar ta kai, yaran shagonsa na kiransa mai bene a ɓoye. Kullum in na tuna sai naji kamar ƙasa ta tsage.

Amma akwai maganar da ya yar kafin ya tafi, ita ce ke hana ni barci. Ina da ƙanwa ƴar shekara 15, tana gudun mita 800 a makarantarsu, ta taɓa wakiltarsu a gasar makarantu a filin Baba Yara. Da dogon wando da hijabinta take gudu, ni na ɗinka mata kayan da hannuna, ni na saya mata takalmi da kuɗin adashena. Malaminsu yace in ta dage gudun nan zai iya buɗe mata hanyar karatu. Tun da aka yi mata maganar makaranta ta shiga ranta, da kuwa da ƙyar ake tashinta da safe. An riga an yi magana cewa bayan biki wajena za ta koma saboda ɗakin Mma ya yi mana kaɗan. To yana sa takalmi sai ya juyo yace, dama ke kike hure wa yarinyar nan kunne, to a gidana ba mai guje-guje. Yarinyar tana bayan labule ta ji komai. Tun ranar ba ta je horo ba, nace me ya faru tace wai azumi ne, alhali da yamma liƙis suke ɗan motsa jiki kuma bara ta yi.

Yau kwana goma sha ɗaya. Na tura masa saƙon barka da shan ruwa sau uku, amsarsa amin kawai. Bai zo ba, bai kira ba, amma ranar Juma'a ya aiko yaro da siga da madara da kiret ɗin ƙwai wa Mma kamar yadda ya saba.

Mutanen gida kowa da tasa. Mma tace in sa mayafi in je in durƙusa in ba shi haƙuri in rufe bakina, wai namiji ba a kayar da shi a gardama ko kana da gaskiya, kuma mene ne haɗina da turawa masu zamiya da zan ɓata goron da aka riga aka raba. Gwaggona cewa tayi boko da waya ne suka lalata ni. Yayana daga Italiya yace kar in ba da haƙurin komai, shi da yake can yana ganin mata na tuƙa tirela, amma shi ai ba shi zai zauna a Zango ana nuna shi da baki ba. Ƙawata kuma tace fushi ne kawai, maza in an taɓa su gaban abokai ba abin da ba sa faɗa, bayan biki zai manta. Ni kuma ina tsoron wannan bayan bikin, dan na ga yayyenmu da aka ce musu haka, yau keken ɗinkinsu na ƙarƙashin gado ya yi tsatsa. Bai taɓa cewa in bar shago ba, gaskiya, har mashin ɗin sufilan gefe shi ya cika min kuɗinsa. Shi ya sa na rasa wanne ne shi na gaskiya, wanda ya saya min mashin ko wanda yace a murhu za a ƙare.

To Hajiya ga abin da nake so ki haska min. Ina so in ba shi haƙuri kan maganar bene, da zuciya ɗaya, amma ya zan yi in bayar ba tare da ya ɗauka na janye har da maganar ƙanwata ba? In haɗa su zama ɗaya ko in fara wanke laifina tukuna in bari sai bayan ƙaramar Sallah in taso da ɗayar? Kuma ni zan tare shi da kaina ko in sa kawuna, tunda shi ne waliyyina, ya zauna da manyansa a yi maganar yarinyar a fili tun kafin a shafa fatiha? Ina tsoron in manya suka shiga sai abin ya girma ace amarya ta fara gindaya sharuɗɗa tun ba ta shiga ɗaki ba. Ko kuwa in bar yarinyar wajen Mma duk da matsin, in cire ta daga tsakaninmu gaba ɗaya? Sai dai in na yi haka kamar na yarda kenan cewa abin da take yi abin kunya ne.

Sannan ga wani abu da ya ƙara rikita ni. Jiya bayan sahur ina shirin komawa barci sai ga saƙo daga wajensa, na buɗe da sauri, ashe bidiyo ne na ƴan matan Najeriyan nan suna tura bobsiled ɗinsu a Koriya, wanda suka zo na ƙarshe ɗin. Ba rubutu ko ɗaya, ba alamar dariya ba ta fushi. Na kalla ya fi sau goma. Ban sani ba ko gori yake min ko kuwa shi ma zama ya yi ya nemo ya kalla yana neman hanyar dawowa, kuma har yanzu ban ba shi amsa ba dan ina tsoron bakin nan nawa. Me zan rubuta masa Hajiya?

Taki,
ƴarki mai ɗinki daga Kumasi