Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu Kan Garin Maganaɗisu

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa membobi.

Bana kusan duk ƙarfin ƙungiyarmu ya tafi kan abu guda: hekzaferait na bariyom, dangin baƙin maganaɗisun nan da ke bayan sifika da cikin ƙananan injinan lantarki. Masanan kamfanin Philips na ƙasar Holan suka fito da shi a farkon shekarun 1950, har yau kuma yana ci, domin yana da araha, ba ya tsatsa, kuma sai zafi ya kai kusan digiri 450 kafin jansa ya gushe.

Mun buɗe shekara da zuwa kasuwar Panteka, muka sayo tsofaffin sifikoki muka ɓalle maganaɗisunsu, don ɗalibai su taɓa abin da hannu kafin a cika su da lissafi.

Daga nan muka shiga haɗa namu. Ana narka gishirin naitiret na ƙarfe da na bariyom a ruwa, a zuba sinadarin tsamin lemo, a yi ta ɗumamawa har ya yi kauri kamar koko. Can sai ya kama da wuta da kansa, ya bar toka mai laushi, a gasa ta a tanderu wajen digiri 1000. Ƙwayoyin garin da nanomita ake auna su, wato mita in an kasa ta gida biliyan ɗaya.

Inda muka fi daɗewa shi ne surki, wato maye wasu zarrar ƙarfen da baƙon sinadari. A tsarin zarrar garin, mai kusurwa shida, kowace zarrar bariyom tana tafe da ƙarfe 12 da oksijin 19. Cikin ƙarfen, 8 na ja gefe ɗaya, 4 na ja kishiyarsa, don haka kujerar da baƙo ya hau ita ke yanke hukunci. Da muka maye wani ƙarfen da alminiyom, ja ya ragu amma taurin kai ya ƙaru, maganaɗisun ya ƙi sakin ƙarfinsa da sauƙi. Kobalt da titaniyom kuwa sassauta shi suke yi, irin yadda ake so a faifan adana bayanai. Na kobalt da titaniyom ɗin mun tattauna shi ne kawai, aljihu bai kai mu ga gwaji ba.

Ba mu tsira daga matsala ba. Ana tsakiyar gashi aka ɗauke wuta, garin ya fito da launin ja-ja, gwajin eksire kuma ya nuna tsatsar ƙarfe da ba ta gama shiga tsarin ba. Aikin makonni ya tafi a banza. A ganina, duk gardamar da muka sha kan yawan surki ba ta kai zafi mai ɗorewa muhimmanci ba.

Saboda haka kwamiti na roƙon a amince kuɗin shekara mai zuwa ya fara tafiya kan janareta na tanderu. Waɗanda ake bi kuɗin wata, a daure a ga ma'aji kafin taro na gaba.