Zuwa ga abokina Sani

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya aiki, ya jikin Hajiya? Mu nan Sendai lafiya lau sai sanyi.

Ka ce wai wane irin ƙarfe ne ya ɗauke min hankali har na daina kira, to bari kaji. Ƙarfe zalla in ya narke tsululu yake, kaurinsa bai fi na ruwa da wani yawa ba, shi yasa da ya fara hucewa atam ɗinsa ke rugawa su jeru layi layi. Mu kuma so muke ya daskare tun basu samu damar jeruwa ba, shine gilashin ƙarfe. Pol Duwez ne ya fara yi a jami'ar Caltech ta Amurka a 1960 da zinare da silikon, amma sai da ya sanyaya shi da gudun digiri wajen miliyan a daƙiƙa, kuma ɗan falle kawai ya samu.

Abin ya canza ne farkon shekarun 1990 da William Johnson da ɗalibinsa Atakan Peker suka haɗa wani gilashin ƙarfe mai suna Vitreloy 1, haɗin zirkoniyam da titaniyam da jan ƙarfe da nikel da beriliyam. Wannan in ya narke wlh kamar zuma yake ja, kaurinsa ya ninka na ƙarfe zalla wajen sau 1000, saboda atam manya da ƙanana sun cushe juna ba wajen motsi, kafin su gano inda zasu tsaya an riga an daskare, sanyaya shi da digiri ɗaya a daƙiƙa ma ya wadatar.

Inda ni ya fi burge ni shine in ka sake ɗumama shi ya wuce digiri 350, sai yayi laushi ba tare da ya narke ba, har Jan Schroers na jami'ar Yale busa shi yake ya fitar da kwalba. Amma fa akwai agogo a kanka, ka ƙara zafi ya ƙara gudu amma lokacinka ya ragu, ka yi jinkiri atam su jeru ya koma mai karyewa, aiki ya lalace kenan. Ga zirkoniyam da kwaɗayin iskar oksijin, dole sai inda babu oksijin ake narkawa, kamar cikin iskar agon, beriliyam kuma guba ne shi yasa yanzu ake neman haɗin da babu shi.

Ka gaida min madam da yara, ka turo hoton ɗan autan nan.

Naka,
Bashir