Sanarwa: manyan mutanen Garwa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Muna tattara sunayen fitattun mutanen Garwa da kewaye, saboda yaranmu sun san ɗan ƙwallo Vincent Aboubakar tun yana ƙungiyar Coton Sport, amma na tambayi ɗana waye Ahmadu Ahijo, sai ya tsaya yana susar ƙeya. Shugaban Kamaru na farko fa, 1960 zuwa 1982, haifaffen garin nan! Har yau kabarinsa yana Dakar, abin da ke damun dattawanmu.

Mun riga mun rubuta Isa Hayatu, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka (CAF) daga 1988 zuwa 2017, da yayansa Sadu, tsohon firaminista.

Malamai da mata ne suka yi ƙaranci. Ku turo suna da unguwa kafin Juma'a. Don Allah ban da gardamar siyasa.