Matasan makaɗan jaz, ku zaɓi faifan raid da kunne

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da matasan da ke koyon gangunan Turawa, musamman masu sha'awar jaz, wani salon kiɗa na Amurka. Da yawa suna zuwa wurina da kuka iri ɗaya: hannu ya faɗa, amma sautin ya ƙi zama irin na tsofaffin faya-fayan waƙoƙin Amurka. Galibi ba laifin hannu ba ne. Laifin babban faifan ƙarfen nan ne na saitin ganguna, wanda ake bugawa da sanda, da ake kira raid.

A farkon jaz a birnin New Orleans, makaɗa irin su Baby Dodds kan riƙe tafiyar kiɗa ne a kan ƙaramar ganga. Makaɗi Kenny Clarke ne, a farkon shekarun 1940 a unguwar Harlem ta birnin New York, ya ɗora wannan nauyi a kan raid. Tun daga nan raid ya zama muryar makaɗi, wadda zai yi ta bugawa daga farkon waƙa har ƙarshe. To, me ya sa za a saye shi ido rufe?

Wanda ke zuwa kyauta cikin saitin ganguna mai araha yawanci haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. Ƙara yake yi kawai, ba shi da daɗi. Na ƙwarai da tagulla ake yin sa, jan ƙarfe kashi 80, kuza kashi 20, irin kuzar da mu mutanen Jos muka san darajarta. Wannan haɗi ne gidan Zildjian, maƙeran irin wannan faifai, ya shahara da shi tun 1623 a Istanbul, kuma faya-fayan ƙarfensu masu alamar K, da aka ƙera da guduma a hannu, su ne manyan makaɗan jaz Elvin Jones da Tony Williams da Art Blakey suka yi suna da su. Blakey ɗin nan ya musulunta, har ya ɗauki sunan Abdullahi Ibn Buhaina. Sawun guduma shi ke sa amon ya yi duhu da zurfi, kuma shi ya sa ba za ka sami biyu masu murya ɗaya ba.

Ku nemi mai faɗin inci 20 zuwa 22, marar kauri. Idan mai inci 22 ne, nauyinsa ya tsaya wajen giram 2,200 zuwa 2,500. Wanda ya haura 3,000 na kiɗan rok ne. Tsininsa zai huda kunne, ya danne mai fiyano. Abin da ake so shi ne kowane bugun sanda ya fito a fili, amo mai laushi yana shimfiɗe ƙarƙashinsa bai haɗiye shi ba. Idan ka doki gefensa ya buɗe, ya kuma lafa da wuri.

Ni dai ba na yarda ɗalibina ya saya daga hoto ko bidiyon waya. Ka je da sandarka, siririya mai kan itace, domin mai kan roba tana ƙara kaifi. Ka buga a hankali, ka buga da ƙarfi, sannan ka ba wani ya buga, kai ka koma nesa ka saurara, don abin da ’yan kallo ke ji ya bambanta da naka. Kada ka raina na hannu, muddin babu tsaga a baki ko a ramin tsakiya. Kada kuma ka goge dattin tsufansa.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya ɗora siririyar sarƙa a kan wanda yake da shi don ta riƙa karkarwa ta ƙawata amonsa, kafin ya yi tunanin huda shi a sa ƙusoshi masu yin wannan aiki. Idan amo ya yi yawa, ɗan salatif a ƙasansa zai rage shi.

Naku,
Mai koyar da kiɗan ganguna, Jos.