Gutsure na huɗu bai iso ba

Abokina,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Faransa, ya iyali? Mu nan Maraɗi lafiya lau, sai zafi da ɗauke wuta. Hajiya na gaishe ka.

Saƙonka ya iso, amma da saura. Wasan Nintendo DS ɗin nan da ka kwafo daga kaset ɗinka, ka matse da manhajar 7-Zip ka yanka gida biyar, huɗu ne suka shigo wayata: .001, .002, .003 da .005. Na huɗun yana cikin sauka rezo ya yanke, forfe ɗina kuma ya ƙare. Da na sake sayen wani, ya ƙi sauka sam.

Ban san abin ba ya cin rabi ba. Na kwana ina fama da ZArchiver, manhajar buɗe matsattsun fayiloli a waya, ina buɗe wannan in buɗe wancan, har na canza wa biyu suna don su yi kyan gani. Da safe na kai wa wani yaro mai tura finafinai a Babbar Kasuwa. Ya yi ta dariya. Ya ce tamkar takardar jika ce aka yaga biyar, ko mai goro ba zai karɓi huɗu ba. Dole duka su zauna wuri ɗaya da sunayensu na asali, a taɓa .001 kaɗai, sauran su biyo shi. Ya mayar da sunayen, ya ƙi karɓar ko dala.

Abin da ya tsaya mini a rai girman ne. Wai irin wannan fayil ɗin wasa, da ake ce wa ROM, ba komai ba ne illa abin da ke cikin kaset, an kwashe shi kaf zuwa fayil. Ka tuna Sega ɗin Sabon Gari, da muke hura wa kaset iska in ya ƙi kamawa? Yawancinsu ba su wuce mega 4 ba. Super Mario Bros, wasan Nintendo na 1985, kilobait 40 ne kacal, hoton da ka turo na sallah ya fi shi nauyi! Na DS kuwa, da ya fito a 2004, akwai mai kai mega 512.

Don Allah turo na huɗun kawai, wanda ka yanka tun farko. Kar ka sake matsewa, sabon yanka ba lallai ya dace da tsoho ba. Ɗan yayata ya riga ya sa emuleta a wayar, wato manhajar da ke kwaikwayon DS don a buga wasan, kullum bayan la'asar sai ya leƙo ya ce, "Kawu, ya zo?"

Naka,
daga Maraɗi